Koren fentin kan jirgi da tsallaka layin dogo

Tambaya: Injiniya, yarana suna tsallaka layin dogo kullum a hanyarsu ta Islamiyya a nan Kaduna, kuma hankalina ba ya kwanciya. A ganina koren fentin da ake yi wa kan jirgi yana sajewa da ciyayi da damina. Me ya hana a yi masa ja wur, a kuma ƙara girman tambarin, domin yara su hango shi da wuri su san lokacin wucewa?

Amsa: Malam, Allah ya raya mana su. Kore launin tutar ƙasa ne, shi ne kuma launin da Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1955, take riƙe da shi, kuma ni ina son sa, musamman idan aka ratsa masa ruwan ɗorawa. Ja kuwa ba zai biya maka buƙata ba, domin yana saurin dushewa a ido da almuru, kuma a layin dogo ma'anarsa "tsaya" ce, ba a son a riƙa watsa shi ko'ina. Ruwan ɗorawa ne ke aikin gargaɗi. A Ingila sun fara shafa shi a goshin jirage a shekarun 1960, bayan injunan dizal marasa ƙara sosai sun maye gurbin masu tururi, sai a 2016 suka sassauta dokar ga jiragen da ke da fitilu masu ƙarfi. Tambari kuwa shaidar mai kaya ce kawai.

Abin da ya dame ni a tambayarka shi ne zaton cewa wanda ya hango jirgi ya san lokacin wucewa. Wannan zato nake ji kusan kullum a bakin masu Keke da masu baza tumatur a gefen dogo, kuma wallahi na gaji da shi. Babban abu idan ya fuskanto mutum kai tsaye, ido yana ganin kamar rarrafe yake yi, ko da wane fenti aka yi masa. Jirgin da ke gudun kilomita 100 a awa yana cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya, wato kafin yaro ya sunkuya ya ɗauki silifas ɗinsa da ya maƙale a tsakuwa, tazarar filin ƙwallo ta ƙare.

Wasu kuma suna cewa ai direba yana gani, zai taka birki. Yana gani mana, amma ƙarfe ne a kan ƙarfe, kuma inda ƙafar jirgi take taɓa dogo bai fi faɗin kwabo ba. Jirgin fasinja yana buƙatar ɗaruruwan mitoci kafin ya tsaya, na kaya mai nauyi yana iya wuce kilomita guda, kuma ba shi da sitiyarin kaucewa. Masu yaɗa cewa dogo yana rawa tun daga nesa, don haka a ɗora kunne a saurara, su ji tsoron Allah. Tun da aka buɗe layin Rigasa a nan Kaduna zuwa Idu a Abuja a 2016 muke da jirage masu gudu fiye da na tsohon layi, amma har yau da lissafin tsohon layi jama'a suke tsallakawa.

Ka raka yaran da kanka gobe, ka nuna musu wurin tsallakawa guda ɗaya inda ake ganin layi sosai hagu da dama, ka kuma faɗa musu cewa da zarar sun ga fitila ko sun ji oda, su ja baya su jira sai tarago na ƙarshe ya wuce.