Idan yara suka hau waya, darasina na Zoom sai ya tsinke

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina koyar da ɗalibai ta Zoom daga gida. Da safe lafiya lau, amma da yara sun dawo daga Islamiyya sun ɗauki wayoyi, sai muryata ta riƙa sarƙewa, hoto ya daskare. Maigida ya ce mu sayi babbar rauta, ni kuma ina ganin data za mu ƙara. Wanne ya fi? (Wata malama daga Kaduna)

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Ki ɗan riƙe kuɗin tukuna, domin wataƙila rautar da ke gidan, wato na'urar da ke raba muku intanet, ta isa.

Zoom ba shi da ci. Ko da hoto mai kyau sosai, bai kai megabit 4 a daƙiƙa ba. Jinkiri ne kawai ba ya jurewa. Layin intanet hannu biyu ne, na saukewa da na ɗorawa, kuma na ɗorawar ya fi ƙunci. Da zarar waya ɗaya ta fara tura hotuna zuwa Google Photos, ko yaro ya ɗora bidiyo a TikTok, hanyar ta cushe, muryarki kuma ta bi layi kamar ɗan acaɓa a bayan tirela a kan siririyar gada. Ƙarin data ba ya faɗaɗa wannan gadar, sai dai idan sabon tsarin ya zo da ƙarin gudu.

Fara da awo. Ki gwada Speedtest, manhajar auna gudun intanet, da safe, ki sake da yamma yara na kan waya, ki rubuta gudun saukewa da na ɗorawa. Sannan ki duba ƙasan rautar, akwai adireshin shiga, galibi 192.168.0.1 ko 192.168.1.1. Ki rubuta shi a burauza, a shafin da zai buɗe ki nemi inda aka rubuta QoS, wato wurin tsara wa za a fara ba hanya. Ki sa kwamfutarki a gaba.

Ga inda mutane da yawa ke kuskure, kuma yana damuna: idan shafin QoS ya nemi gudun layi, sai su rubuta cikakken gudun da kamfani ya yi alkawari. A'a. Ki rubuta kashi 85 zuwa 90 cikin 100 na abin da kika auna. Idan ɗorawa ta nuna 10, ki sa 9 ko ƙasa kaɗan. Ta haka cunkoson zai taru a cikin rautarki, inda take da ikon cewa muryar malama ta wuce tukuna. In ba haka ba, can gaba wajen kamfani zai taru, inda ba ki da ta cewa. Tunda gudun rauta mai layin waya yana hawa da sauka, awon yamma za ki yi aiki da shi.

Yaran kuma su rage ingancin hoton YouTube zuwa 480p. Wajen megabit 1 yake ci, 1080p kuwa kusan 5.

To, idan babu QoS fa? Rautoci da yawa masu layin waya ba su da shi. Nan ne maganar maigida ta shigo, amma kada yawan eriya ya ruɗe ku a kasuwa. Ku bar tsohuwar tana kawo intanet, ku kashe Wi-Fi ɗinta, ku jona sabuwa da kebul. Yawancin rautocin TP-Link Archer suna fifita na'ura ɗaya cikin sauƙi. Rautar MikroTik ta fi iko, sai dai tana buƙatar wanda ya ƙware. Ni da zan zaɓa, wadda ke ɗaukar OpenWrt, wata manhajar sarrafa rauta, zan saya, saboda tsarinta na raba hanya mai suna SQM don irin wannan cunkoso aka yi shi. Kafin ku biya, mai shago ya buɗe muku shafin QoS ɗin ku gani da idonku.

Idan kuwa awon safe ma ya nuna ɗorawa ƙasa da megabit 3, wataƙila matsalar sigina ce. Ki matsar da rautar kusa da taga, ko ki ari layin wani kamfani ki gwada kwana biyu.