Amsa ga Mai Niyyar Zuwa Agadas da Duwatsun Abzin Cikin Hunturu

Assalamu alaikum ɗan'uwa. Ka ce kai da abokinka kuna son tashi daga Samaru zuwa Agadas a watan Janairu, ka kuma tambaya ko sanyi ba zai hana ku jin daɗin tafiyar ba, da ko kuna iya ɗaukar mota ku kaɗai ku zaga ƙauyukan da ke kewaye. Sau uku na je garin a wannan lokaci, a 2005 da 2017 da farkon 2023, biyu domin kai manyan riguna masu ɗinkin hannu daga cikin birnin Zariya, ɗaya kuma domin ziyara kawai. Hunturu shi ne lokacin zuwa, a nan ba ka yi kuskure ba. Maganar fita bayan gari ku kaɗai kuwa, ina roƙonka ka cire ta daga ranka, domin daga inda kwalta ta ƙare tafiyar ta koma hannun ɗan gari, kuma samun wannan mutum tun kana gida shi ne babban shirin da za ka yi.

Hanyar da na fi bi ita ce Kano, Daura, kan iyaka a Kwangwalam, sannan Matamaye har Damagaram, inda ya kamata ku kwana. Daga Damagaram zuwa Agadas kimanin kilomita 450 ne ta Tanut da Adarbisinat, amma kada ka auna shi da tsakanin Zariya da Kaduna, domin yini guda yake ci, wani lokaci har da dare. Akwai kuma hanyar Sakkwato, Illela, Ƙonni da Tawa. Kowace kuka zaɓa, ku riƙe fasfo da katin rigakafin shawara, ku kuma canza kuɗinku zuwa sefa tun kan iyaka. Mutanen Nijar da dala suke lissafi, dala ɗaya kuwa sefa 5 ce, saboda haka idan mai shago ya ce maka ɗari, sefa 500 yake nufi.

Mu mutanen Zariya muna ganin mun san sanyi, kuma lallai wanda ya taɓa fita sallar asuba a Tudun Wada cikin watan Disamba ya ɗanɗana shi. Na Hamada daban yake, domin tazarar da ke tsakanin rana da dare ita ce ke karya mutum. A watan Janairu zafin rana a Agadas yakan kusanci maki 30, da asuba kuma ya sauko wajen 10, a cikin duwatsu kuwa yana iya kusantar daskarar da ruwa. Tuni rairayi ke sakin zafinsa da zarar rana ta faɗi, kuma babu gajimare ko itatuwan da za su riƙe shi. A tafiyata ta farko rigar sanyi ɗaya da siririn bargo na ɗauka. Dare ya riske mu a cikin wani busasshen kwari kan hanyar Timiya, muka shimfiɗa tabarmi a gindin mota, kuma wajen ƙarfe uku na farka haƙorana suna haɗuwa, yatsun ƙafata kamar ba nawa ba. Wani dattijo Ba'abzine da muke tare da shi ya tashi bai ce mini uffan ba, ya tone tokar jiya ya hura garwashin da ya rage, ya matso da tabarmata bayan wani dutse inda iska ba ta bugowa, sannan ya lulluɓa mini bargonsa na gashin raƙumi. Da asuba sai da ya ɗumama mini ruwan buta kafin na iya alwala. Don haka ku ɗauki bargo mai kauri kowa da nasa, da safa, da hular sanyi, da rawani, wanda a can yake tare ƙura da rana, ya tare sanyi da dare. Kada ku manta da man kaɗanya, domin bushewar iskar takan tsaga leɓe da diddige har su yi jini, kuma ku riƙa shan ruwa ko ba ku ji ƙishi ba.

Duk da haka wannan sanyi alheri ne idan aka kwatanta shi da bazara, domin a Afrilu da Mayu zafi yakan wuce maki 40, ba a iya yawo da rana tsaka. Abin da kan ɓata tafiyar hunturu shi ne hazo, wanda idan ya sauko yakan rufe duwatsu kwana biyu ko uku. Ku bar kwanakin rara a cikin lissafinku saboda shi.

A cikin gari ba za ku ji baƙunta ba, domin Hausa ake yi a kasuwa da tasha, ko da yake Abzinawa suna da harshensu na Tamashek. Ku ba tsohon gari kwana biyu cur. Babban masallacin an gina shi a 1515, aka sabunta shi a 1844, kuma hasumiyarsa ta laka tsantsa ta kai mita 27, da itatuwa a soke a jikinta waɗanda magina ke takawa idan za su yi yaɓe. Wanda ya san aikin Babban Gwani a masallacin Juma'a na Zariya zai daɗe a tsaye yana kwatanta hikimar maginan biyu, ɗaya ya ƙware a bakan gizo daga ciki, ɗaya ya miƙe sama. Na hau hasumiyar a 2005. Matakalar tana ƙara matsewa har mutum ya riƙa tafiya a karkace, ga jemagu, amma daga sama ana ganin garin duka ja wur, da fadar Sarkin Abzin dab da masallacin, da shuɗin duwatsu can arewa. UNESCO ta sanya wannan tsohon gari cikin wuraren tarihi na duniya a 2013. Ni dai abin da ya fi taɓa zuciyata shi ne tuna cewa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zo nan karatu wurin Malam Jibrilu ɗan Umaru. Ku leƙa wurin maƙeran azurfa da dukawa, ku kuma je kasuwar dabbobi da sassafe, inda za ku ga kantun gishiri da dabinon da ayarin raƙuma ke kawowa daga Bilma da Fashi a wannan lokaci na sanyi.

Bilmar kanta ku bar ta, domin tana bayan hamadar Tenere, tafiyar ɗaruruwan kilomita cikin rairayi, ba ta sabon zuwa ba ce. Idan hali ya yi, Timiya ce ta cancanci wahalarku. Tana kimanin kilomita 220 arewa maso gabas da Agadas, a kan hanyar duwatsu da busassun kwaruruka wadda sai mota mai jan ƙafa huɗu. Bayan awoyi kana kallon baƙin dutse, sai kawai ka faɗa cikin lambuna kore shar, kuma hunturu shi ne lokacin da lemo ke nuna. Na zauna a wani lambu ina kallon yaro yana kora raƙumi gaba da baya, raƙumin yana jan gugar fata daga rijiya, ruwan yana zubowa cikin kwararo yana bin gindin lemo da rumman da dabino, a ƙarƙashinsu kuma ga albasa da tafarnuwa da alkama. Mai lambun ya tsinko lemo ya ɓare mini da hannunsa, sanyin dare bai gama fita daga cikinsa ba. Da daddare suka kwaɓa garin alkama suka binne shi cikin rairayi mai zafi ƙarƙashin garwashi, gurasar da suke kira tagella, muka ci da miya da cuku, aka biyo da shayi har zagaye uku. Kada ka tashi kafin na ukun, domin rashin ladabi ne ga mai dafawa. Akwai kuma Ingal, kimanin kilomita 160 yamma da Agadas, sai dai taron makiyaya da ya sa ta shahara a ƙarshen damina ake yinsa, don haka a Janairu za ku tarar da ita shiru. A hanyar Arlit kuma akwai Dabus, inda mutanen dauri suka sassaƙa raƙuman dawa biyu a jikin dutse shekaru dubbai da suka wuce, babban ya haura mita 5.

Duk waɗannan wurare ba a zuwansu sai da ɗan gari. Bayan gari babu alamar hanya, sawun motoci ya rarrabu ko'ina, waya takan ɗauke, kuma wanda ya saki hanya da ruwan jarka ɗaya ya shiga hatsari ko da a cikin sanyi ne. A 2017 motarmu ta kafe cikin rairayi, kuma direban da yaronsa ne suka sassauta iskar tayoyi, suka tone, suka shimfiɗa faranta na ƙarfe, aikin da ni ban san ta inda ake fara shi ba. Ga kuma batun tsaro, wanda ya ƙara nauyi. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 an rufe iyaka har zuwa Maris na 2024, Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025, kuma a 2025 ɗin an sace Turawa a cikin garin Agadas kansa. Akwai 'yan fashi a hanyoyin da ke zuwa wuraren haƙar zinariya, shingayen jami'an tsaro kuma suna da yawa, kuma kowanne zai tambaye ka wurin wa za ka. Wanda ke da sunan mai masauki da lambarsa yakan wuce cikin mutunci.

Samun mai masaukin ba wuya ba ne a wurinmu. Ku je wurin Abzinawan da ke zaune a Sabon Gari, ko dillalan albasa da dabino da ke hulɗa da can, ku nemi su haɗa ku da wani nasu. Ku kira shi mako guda kafin tashi, ku sake kira ranar da za ku bar Damagaram, kuma idan ya ce hanyar Timiya ba ta biyuwa a wannan mako, ku tsaya cikin gari ba tare da musu ba. Tsarabarsa kuma ku riƙe masa shayi da sukari, idan da hali ku tsaya a Kura ku saya masa turkuɗi, domin shi ne rawanin da ya fi daraja a wurinsu. Allah Ya kai ku lafiya, Ya dawo da ku lafiya.