Waya ta kama Wi-Fi amma shafi ba ya buɗewa

Ɗana, na ga saƙonka bayan sallar isha'i, kuma na ji daɗi da ka tambaya maimakon ka ce wa mai kaya kwamfutarsa ce ta lalace. Ka ce Alhajin nan mai shagon buga takardu a Mabera ya kira ka. Yana da laftof da modem irin wanda ake soka mata a gefe, yana so wayarsa da wayoyin yaransa uku su riƙa shan intanet daga jikinta. Ka kunna hotsfot, wayoyin sun ga sunan, sun karɓi kalmar sirri, sun nuna sun haɗu, amma ko saƙon WhatsApp ɗaya bai shigo ba. Alhaji ya ce maka "abin ga ya ƙiya", kai kuma kana shirin sake zuba Windows gobe da safe. Kada ka sake zuba komai. Za ka ɓata masa rabin yini, ka jefa takardun mutane cikin haɗari, kuma mai yiwuwa ka dawo inda ka tashi.

Fara da gyara tunaninka a kan abu ɗaya: Wi-Fi daban, intanet daban. Ka ɗauki laftof ɗin nan kamar tankin da ke bisa rufin gida. Akwai bututun da ke kawo ruwa cikinsa, akwai kuma wanda ke raba shi zuwa famfunan ƙasa. Modem shi ne mai kawowa, Wi-Fi shi ne mai rabawa. Da wayar ta ce ta haɗu, abin da take gaya maka kawai shi ne famfonta na manne da tanki. Ba ta ce akwai ruwa a ciki ba, ba ta kuma ce an buɗe makullin da ke tsakanin bututun biyu ba. Duk matsalar hotsfot da za ka gamu da ita a wannan sana'a, a ɗaya daga wurare ukun nan take: mashiga, mafita, ko mahaɗar da ke tsakani. Aikinka shi ne ka gano wanne, tun kafin ka taɓa saiti.

Mashiga ta fi sauƙin dubawa, ita ce kuma aka fi mantawa. Buɗe shafi a laftof ɗin kanta, shafin da ba a taɓa buɗewa a kanta ba, don kada tsohon ajiya ya yaudare ka. In bai buɗe ba, ka bar wayoyin su huta: ko data ta ƙare, ko sabis ya yi rauni a cikin shagon, ko layin ne ke da matsala.

In ya buɗe, ɗauki waya ɗaya, shiga bayanan Wi-Fi ɗin da ta kama, ka karanta lambar adireshin da aka ba ta. Windows na da al'ada da ba ta canzawa sai an canza mata da gangan: laftof tana ɗaukar 192.168.137.1, ta ba kowace waya lamba mai farawa da 192.168.137. Idan ka ga irin wannan lambar, mafita lafiya lau take, ciwon na mahaɗa ne. Idan kuwa wayar ta tsaya tana ta neman adireshi ba ta samu ba, ko ka ga lamba mai farawa da 169.254, wadda iPhone da kwamfutoci ke laƙaba wa kansu in ba wanda ya amsa musu, to mai rabon adireshin ne ya yi barci ko aka toshe masa baki. Mai rabon nan shi ne abin da Windows ke kira Internet Connection Sharing, tsohon ma'aikaci ne, yana nan tun Windows 98 bugu na biyu a 1999. Ka danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta services.msc, ka nemo shi, ka sake tayar da shi. In bai yi ba, ka dakatar da katangar antibairos ɗin da aka ɗora daga waje na ɗan lokaci, ka gwada, sannan ka mayar da ita. Ka mayar da ita, na ce. Sau da yawa ana manta wannan, a bar kwamfutar mutum tsirara.

Amma zatona ya fi ƙarfi a kan mahaɗa, saboda modem ɗin da ka ambata. Modem na gefe iri biyu ne. Akwai wanda da ka soka shi, Windows ke ganinsa kamar wayar Ethernet, ka shiga saitinsa ta birauza, kamar na Huawei masu adireshin 192.168.8.1. Wannan ba ya ba da wahala. Akwai kuma tsohon yayi, mai zuwa da manhajarsa, wanda sai ka danna maɓalli ya buga kira kafin intanet ya zo. Shi wannan, shafin Mobile hotspot sau da yawa ba ya lissafa shi cikin hanyoyin da zai iya rabawa. Saboda haka ka koma Settings, Network & Internet, Mobile hotspot, ka dubi akwatin da ke tambayar daga ina za a raba. Ba zan yi mamaki ba in ka tarar yana nuna wata tsohuwar rauta, wato akwatin raba Wi-Fi, da ke shagon wadda datarta ta daɗe da ƙarewa, laftof na kama ta da kanta, ita kuma tana shan intanet ɗinta ta modem. Ka ga an buɗe famfo daga bututun da ba ruwa.

Maganinsa da hannu ake yi. Bar hotsfot a kunne. Danna maɓallin Windows tare da R, rubuta ncpa.cpl. Za ka ga dukkan hanyoyin kwamfutar a jere, cikinsu da wata sabuwa mai suna Local Area Connection da tauraro da lamba, a ƙasanta an rubuta Microsoft Wi-Fi Direct Virtual Adapter. Ita ce mafitar. Riƙe lambarta a ka. Sai ka je kan modem ɗin, danna dama, Properties, Sharing, ka sa alama a layin farko mai ba wasu izinin bi ta intanet ɗin wannan kwamfuta, a akwatin ƙasa kuma ka zaɓi waccan mai tauraro. Idan modem ɗin mai buga kira ne, katse shi ka sake haɗawa. Kashe Wi-Fi na wayar ka kunna. Nan ne yara suka fi yin kuskure: suna sa alamar a kan hanyar da ke fita maimakon wadda ke shigo da intanet. Mai ruwa shi ake roƙo ya buɗe. Kuma ka nuna wa babban yaron shagon yadda aka yi, domin wani lokaci in aka kashe kwamfutar aka kunna, Windows na warware wannan ƙulli, sai an sake ɗaurawa.

Ba ka gaya mini wace Windows ce ba, amma tunda ka sami maɓallin hotsfot, to 10 ce ko 11, domin a sabuntawar 2016 ta Windows 10 aka shigo da shi. Wata rana za a kawo maka tsohuwar HP ko Dell 'yar tokumbo mai Windows 7, ba ta da wannan maɓalli. A can sai ka buɗe baƙin allon umarni, wato Command Prompt, da ikon mai gida (Run as administrator), ka rubuta netsh wlan show drivers, ka duba ko katin ya yarda da hosted network. In ya yarda, netsh wlan set hostednetwork mode=allow tare da suna da kalmar sirri, sannan netsh wlan start hostednetwork, sannan ka yi wancan ƙulli na ncpa.cpl. Yawancin sabbin katuna sun daina karɓar wannan hanya, kada ka wahalar da kanka da ita a sabuwar kwamfuta. Kuma ka faɗa wa mai tsohuwar gaskiya: Microsoft ta daina kula da tsaron Windows 7 tun Janairun 2020, Windows 10 ma wa'adinta na yau da kullum ya cika ranar 14 ga Oktoba, 2025.

In aka ce wata waya ba ta ganin sunan hotsfot ɗin sam, alhali 'yan'uwanta na gani, duba zango. Wi-Fi galibi na tafiya a zango biyu, 2.4 GHz da kuma 5 GHz, kuma ƙananan wayoyi da yawa da ke hannun mutanenmu 2.4 kaɗai suke ji. Shi ne ma ya fi ratsa bango. A gidajen cikin gari masu kaurin ginin ƙasa, 5 kan mutu tun bai fita zaure ba, ko da ya fi gudu a kusa. Ni 2.4 nake zaɓa wa kowa sai in da dalili. Idan kuma laftof ɗin da Wi-Fi take sha, da Wi-Fi kuma take rabawa, kati ɗaya ne ke aikin biyu, gudu zai ragu, kuma galibi zangon da take sha da shi zai tilasta wanda take rabawa. A Mac ma ba a yin wannan da kati ɗaya: sai intanet ya shigo ta wayar Ethernet ko ta USB kafin ya fita ta Wi-Fi.

Yanzu abin da ya fi damuna, wanda kai ba ka tambaya ba amma Alhaji zai tambaye ka bayan kwana uku: ina datata ta tafi? Waya ba ta san modem ne a bayan laftof ba. Da ta ga Wi-Fi, ɗauka take ta faɗa kogi. Play Store ya fara sabunta manhajoji, hotuna su fara hawa ajiyar Google, WhatsApp ya sauke duk bidiyon da aka turo a zaurukan dangi da na siyasa. Wayoyi huɗu suna wannan a lokaci guda, laftof ma tana jan sabuntawarta. Kafin ka bar shagon, ka bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya. A Android ka shiga saitin wannan Wi-Fi ka mayar da shi metered, wato mai awo. A iPhone ka kunna Low Data Mode. A laftof ma ka sa hanyar intanet ɗin ta zama mai awo in Windows ta ba da dama. Minti goma ne, ba kuma wanda zai biya ka kuɗinsa daban, amma shi ne bambancin mai gyara da mai danna maɓalli.

Kalmar sirri kuma, Windows ba ta karɓar ƙasa da harafi 8, shi ya sa kowa ke sa 12345678. Na taɓa ɗaura wa wani bawan Allah hotsfot a Runjin Sambo, ya nace sai wannan lambar don kada ya manta, na biye masa. Cikin mako guda matasan da ke zama a majalisar ƙofar shagonsa suka cinye masa datar wata, shi da iyalinsa kuma suka kasa shiga, domin na'ura 8 kaɗai hotsfot ɗin Windows ke ɗauka, baƙi sun cike gurbin. Har yau ina jin nauyin abin, don ni na san illar, shi bai sani ba. Ka haɗa haruffa da lambobi, ka rubuta masa a takarda ya sa a aljihu, kada a manna a bango. Kada a sa lambar wayarsa, tana kan allon shagonsa kowa na gani. Ka nuna masa inda shafin hotsfot ke jera na'urorin da suka shiga, in ya ga biyar alhali huɗu ya sani, ya canza kalmar. Kai ma da ka fita, ka sa wayarka ta manta da ita. Amana ce. Haka nan in ɗalibi ko ma'aikaci ya zo yana so ka raba masa intanet ɗin makaranta ko na ofis ga mutanen waje, ka tambaye shi ko an ba shi izini, in babu ka ba shi haƙuri.

Sauran ƙorafin da za ka ji shi ne yana yankewa. Dalili uku ne galibi: hotsfot na kashe kansa in ba wanda ya shiga na 'yan mintoci, sai ka kashe Power saving a shafin nasa, laftof na yin barci, sai ka hana ta barci in tana kan caji, ko an rufe murfinta. Ana iya saita ta ta ci gaba da aiki a rufe, amma ban so ka koya wa mutane haka a Sakkwato. A Afrilu da Mayu zafi na haura digiri 40, ga ƙurar hunturu da ta riga ta toshe fanka, ga modem da ke ɗaukar zafi kamar dutsen guga. A bar ta a buɗe, bisa tebur, ba bisa katifa ko darduma ba, a ɗan ɗaga bayanta iska ta ratsa.

Bayan ka gyara masa, ka tambayi Alhaji awa nawa yake buƙatar abin a rana. In na ɗan lokaci ne, kamar lokacin rajistar JAMB da shagon ke cika, laftof ta wadatar. In kuwa daga safe ne har dare kullum, ka ba shi shawara ya sayi ƙaramar rauta ko MiFi mai cin layi. Dubi cajar laftof ɗinsa, za ka ga an rubuta wat 45 ko 65, ita kuwa rauta yawanci bolt 12 da amfiya 1 ke ɗaukar ta, ƙaramin batir ma zai riƙe ta in an ɗauke wuta, kuma ba sai an kashe batirin kwamfutar da yake cin abinci da ita ba. Na san in ya saya, kiran da yake yi mana a kan wannan zai ragu. Faɗa masa duk da haka.

Gobe ka biyo ta shago kafin ka wuce Mabera, ka ɗauki modem ɗina na gwaji da ke aljihun tebur na biyu, da ƙaramin katin Wi-Fi na USB, ko da nasa katin ne ya gaza. In ka karanta lambar adireshin a wayar, ka turo mini hotonta kafin ka taɓa wani abu. Ka gaishe mini da Alhaji.