Zan kai Hajiya ziyara Fas, a tsohon gari za mu sauka ko a otal na sabon gari?

Tambaya: Assalamu alaikum malam. Daga Zariya nake, ina so in kai mahaifiyata ziyarar Shehu Tijjani a Fas tare da maiɗakina, mu uku kenan. Hajiya ta haura shekara 65 kuma tana fama da ciwon gwiwa. Na duba intanet na ga gidajen nan da ake kira riyad a cikin tsohon gari, gwanin kyau, na kuma ga otal-otal a sabon gari, na rasa wanda zan kama. Sannan kwana nawa zai ishe mu, kuma wane wata ya fi?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya yi maka albarka ya bar maka Hajiya, wannan tafiya ce mai kyau. Toh ni dai tunda ka ambaci gwiwar Hajiya, da ita za mu zaɓi masauki, ba da hoton intanet ba, saboda Fas gari ne da ƙafa ke aiki a cikinsa fiye da aljihu.

Ka fara sanin cewa gari uku ne a manne da juna. Akwai Fas al-Bali, tsohon garin da Maulaya Idris na farko ya kafa a 789 ɗansa Idris na biyu ya raya shi, nan masallacin Ƙarawiyyin yake wanda Fatima al-Fihriyya ta gina a 859, nan kuma zawiyar Shehu take inda aka binne shi a 1815. Akwai Fas Jadid da sarakunan Banu Marin suka gina a 1276, can fadar sarki take da tsohuwar unguwar Yahudawa. Sai sabon garin da Faransawa suka shata bayan 1912, inda tashar jirgin ƙasa take da manyan tituna da otal masu lifta. Abin da ya kawo ku yana cikin na farkon, kuma na farkon nan mota ba ta shiga cikinsa kwata-kwata, lungu ne dubbai, wani ma mutum biyu ba sa jerawa, kaya kuwa alfadari da jaki da 'yan kura ke ɗauka, in kun ji an ce "balak" ku manne da bango ku ba su hanya.

Abin da hoto ba zai nuna maka ba shi ne tsohon garin kamar ƙwarya yake, ƙofofin suna can sama a baki, Ƙarawiyyin da zawiya suna ƙasa a ciki. Yawancin riyad ɗin da za su fara fito maka suna wajen Bab Bujulud, shuɗiyar ƙofar nan da kowa ke ɗaukar hoto, ko unguwar Batha, kuma gaskiya wurin yana da daɗin zama, ga abinci ga tasi a kusa, amma daga can zuwa zawiya gangare ne ta hanyar da ake kira Tala'a Kabira minti 20 ko fiye ga mai lafiya, zuwan ba komai, dawowar ce hawa, kaga in Hajiya tana son asuba da magariba a zawiya kullum ai kwana biyu za ta yi ta ce ta haƙura ku je ku dawo ku same ta a ɗaki, kuma ba haka kake so ba.

Shi yasa nake ce maka ka nemi masauki ta ɓangaren Rasif, za ka ga suna rubuta shi R'cif. Fili ne a ƙasan garin wanda titin mota ya kutso har cikinsa, tasi da bas suna tsayawa a nan, daga nan zuwa zawiya a unguwar Balida kamar minti 10 ne ga mai ƙarfi, Hajiya a hankali da hutawa za ta kai in sha Allah. In kuma kuna son ganin saman garin sai ku hau tasi daga Rasif ya zagaya da ku Bab Bujulud, ku gangaro da ƙafa kuna kallo, kun ga ba hawa kenan.

Yanzu maganar riyad ɗin kansa. Tsohon gidan attajirai ne aka gyara, ɗakuna sun kewaye tsakar gida mai shuke-shuke da famfon ruwa, in gidan ƙarami ne ba lambu sai su ce masa dar. Wallahi akwai kyau, da tayil ɗin hannu da sassaƙen katako, kuma karin safe yawanci yana cikin kuɗin ɗaki. Amma gidajen nan sama suka miƙe, hawa uku har huɗu, matattakalar a matse ga tsayi ga karkacewa, lifta kuwa da wuya ka samu, wani gidan ma a kan rufi ake karyawa. Don haka kafin ka tura ko sisi, yi musu magana ta WhatsApp, ka tambayi a wace ƙofa tasi zai ajiye ku kuma minti nawa ne daga nan zuwa gidan, akwai matattakala a hanya ko babu, akwai ɗakin ƙasa mai banɗaki a ciki ko babu, sannan ka roƙe su su ɗauko maka bidiyo daga bakin ƙofar gida har gefen gado. Wanda ya yi ta kwana-kwana a kan bidiyo rabu da shi. Ɗakin ƙasa yana da nasa ciwon, ya fi duhu kuma duk motsin tsakar gida za ta ji, to amma wannan da sauƙi a kan hawa. Ka kuma ce su turo yaron gida da ɗan kura su tarbe ku a ƙofa ranar isowa, kar ka ce za ka bi taswirar waya da akwatuna, a cikin lungunan nan rikicewa take yi.

In ba a samu ɗakin ƙasa a wajen Rasif ba, kar ka ji wani abu, kama otal mai lifta a sabon gari. Ƙananan tasi na Fas jajaye ne, mutum uku suke ɗauka ba ƙari, ku kuma uku ne cif, kullum ku hau zuwa Rasif ku dawo, ka dai ce ya kunna mita tun kafin ku tashi. Abin da za ku rasa shi ne sallar asuba a cikin zawiya da jin kiran sallar masallatan tsohon gari yana tashi ta ko'ina, kuma ni a ganina rashi ne, shi yasa na sa shi a zaɓi na biyu.

Akwai kuma gidajen da ke kewayen zawiya da ke ba maziyarta hayar ɗaki, mutanen Senegal da sauran 'yan'uwa na yankinmu sun saba sauka a nan, sun fi araha kuma ga kusanci, wani gidan har girki za a bar maiɗakinka ta yi. Sai dai ba duka suka zama ɗaya ba, irin wannan sai ido ya gani. Dabarar ita ce ka kama kwana biyun farko a masauki mai rajista, dama kana buƙatar takardar kama ɗaki wajen neman biza tunda mai fasfon Najeriya sai da biza yake shiga Moroko, in kun isa kun huta sai ka zaga ka duba da kanka, in ya yi muku ku koma. Ka riƙe kwafin takardar aure ma, wasu masaukai suna tambaya.

Wata kuwa, Maris zuwa Mayu, ko ƙarshen Satumba zuwa Nuwamba. Yuli da Agusta zafi na iya wuce 40, za ka ce ai mun saba, eh amma ba mu saba da hawa tudu a ciki ba. Wanda ya fi ba mutanenmu mamaki shi ne sanyin Disamba zuwa Fabrairu, ga ruwan sama, gidajen nan kuma don zafi aka gina su, bangon kauri ne tayil ɗin ƙasa kamar ƙanƙara, sanyin da laima yake zuwa ba irin hunturunmu ba, mai ciwon gwiwa za ta ji jiki. In dole sai lokacin, ka tabbatar akwai hita a ɗakin ba wai bargo kawai ba. Lokacin maulidi maziyarta suna yawa, sai ka kama ɗaki da wuri.

Hanya: jirgin Royal Air Maroc yana tashi daga Legas zuwa Kasablanka, a ƙasan filin jirgin akwai tashar jirgin ƙasa, za ku hau zuwa tashar Casa Voyageurs ku canza, daga nan wajen awa 4 zuwa Fas. Sayi tikitin aji na ɗaya don Hajiya ta samu kujera mai lamba ta miƙe ƙafa, bambancin kuɗin bai taka kara ya karya ba. Akwai kuma jirgin sama zuwa filin Fas-Sayis, kilomita 15 ne daga gari. Ka tafi da dala ko yuro ka canza dirhami a can, cikin tsohon gari tsabar kuɗi ke aiki, kuma akwai ɗan harajin kwana da masauki ke karɓa daban, tambaya tun farko ko yana cikin kuɗin. Soket ɗinsu mai ƙafa biyu ne zagayayyu, nemi mahaɗin caja tun a gida. Layin waya a filin jirgi za ka saya da fasfo.

Kwana biyar ya yi, ka tsara Juma'a ta faɗo a tsakiya. Misali ku isa Laraba ku kwanta kawai, Alhamis ziyara cikin natsuwa ba gaggawa, ku wuce Ƙarawiyyin da hubbaren Maulaya Idris na biyu tunda duk kusa da juna suke. Juma'a shaguna da yawa a rufe suke, lungu ya yi sarari, ku fita masallaci da wuri, ku ci kuskus da rana, bayan la'asar ku koma zawiya a yi zikirin Juma'a da ku har magariba, ka sa maiɗakinka ta shiga da Hajiya ɓangaren mata da wuri ta samu jikin bango. Kuma dan Allah ku zauna bayan magariba a kowane masallaci ku ji karatun hizbi da suke yi tare, Warshu ne, mazhabarsu Malikiyya, Hajiya za ta ji irin karatun da ta tashi da shi tun makarantar allo.

Asabar ce ranar yawo. Makarantar Attarin tana jikin Ƙarawiyyin, Bu Inaniyya tana sama kusa da Bab Bujulud, duka ginin Banu Marin ne na ƙarni na 14, sai filin maƙeran tagulla na Saffarin, da majemar Shuwara wadda ba ta da nisa da zawiya, amma daga saman shagunan fata ake leƙa ta, hawa ne ga wari, wannan kai da maiɗakinka, a bar Hajiya ta huta. Da yamma tasi ya kai ku tudun kaburburan Banu Marin, daga mota ma za ta ga garin gaba ɗaya. Ranar nan ka ɗauki ɗan jagora mai katin hukuma ta hannun masaukinku, ku yi ciniki tun farko ka gaya masa ba sayayya kuka zo ba. Samarin da za su tare ku su ce hanya a rufe take ku biyo ni, ka ce shukran ka wuce, in ka ɓata tambayi mai shago a zaune.

Lahadi in Hajiya na da sauran ƙarfi, Maknas ba ta kai awa ɗaya a jirgin ƙasa ba, daga can a ɗauki mota zuwa Zarhun inda kabarin Idris na farko yake, sai dai garin a kan dutse yake, ka duba yanayinta tukuna, in ta ce zawiya take son komawa ka bar ta, ita ta kawo ku. Abincinsu ba ya da yaji sosai, tajin da harira da burodi ne, ka sa a daka muku yaji a ƙulla, ka haɗa da maganin gwiwarta da takardar likita a jakar hannu, da takalmi mai roba a ƙasa saboda duwatsun lungun suna santsi in an yi ruwa.