Amsa ga Yaya kan tattaki da damina

Salamu alaikum jama'ar gida. Yaya, na ji saƙonka, wai likita ya ce ka riƙa tattaki saboda hawan jini amma kai zagayen bakin titi ya ishe ka, hayaƙin Keke Napep da hon kawai. Toh ni dai shawarata ka bar kwalta, ka shiga burtali, tunda Allah ya sa a Zariya kake kuma damina ce.

Ni abin da nake yi, in an idar da asuba gari ya ɗan waye sai in hau mashin zuwa Wusasa in ajiye, daga nan sai ƙafa, ina fuskantar dutsen Kufena. Wallahi Yaya a watan Agusta hanyar nan dawa da masara sun fi ka tsayi, raɓa ta jiƙa maka ƙafar wando, ga tafasa ta yi fure ruwan ɗorawa gefe da gefe, inda ruwa ke kwanciya kuma duman rafi ya shimfiɗu da furensa shuɗi-shuɗi mai ja-ja. Akwai wani fure da na daɗe ina yabawa a gindin dawa, har hoto na ɗauka, wani dattijo mai gona ya tsaya yana kallona ya ce yaro ƙuduji kake ɗauka? Ashe shi ne mai kama saiwar dawa yana tsotse ta har ta ƙi yin zangarniya. Na ji kunya ranar, amma fa har yanzu ina ganin kyansa, ban dai sake faɗa a gaban manomi ba.

Tsuntsaye kuwa sai ka rage sauri. Mulufi na nan kan karan dawa jajir kamar garwashi, kuma namijin ne kawai ke yin jan nan, shi ma da damina, rani na shigowa zai koma kalar ƙasa ka rantse ba shi ba ne. Ga marai suna ta surutu suna saƙa sheƙa a reshe, ga belbela bayan shanun Fulani. Shamuwa ma tana nan, ita da ke zuwa da ruwan farko, kaka na yi ta tafi.

In ka juyo ka tsaya a tsohon cocin Wusasa, na 1929, ginin ƙasa ne irin namu, maginan Hausa suka yi. Ka yi sallama ka nemi izini, ka kalli kaurin bangon nan kawai. Wata ranar kuma ka shiga birni ka ga aikin shahararren maginin nan na da, Babban Gwani Muhammadu Durugu, a Masallacin Juma'a, bakan gizon nan nasa, wato lanƙwasassun ginshiƙan ƙasa da ke riƙe da rufin, an lulluɓe tsohon ginin da sabon gini amma yana ciki.

Sai dai Yaya kar ka fita kai kaɗai, ka san yanayin da ake ciki, ka tambayi mutanen wurin iya inda ake zuwa, kuma ka dawo kafin rana ta ɗaga. Takalmi rufaffe don Allah, ba silifas ba, akwai macizai a ciyawa. In Asabar ta yi maka ka kira ni daren Juma'a mu tafi tare.