Ragon Kirsimeti Nama Ne, Babana

Babana, saƙonka ya iso. Ƙanwarka ce ta karanta mini shi daga waya, don idanun nan sun daina ganin ƙananan rubutu. Da ta kai inda ka ce, "Kaka, ragon da muke yankawa ranar Kirsimeti shi ne layyarmu? Shi ke wanke zunubin gidanmu na shekara?" na yi dariya har tari ya sarƙe ni. Amma da ta ci gaba, na ji cewa wani mai kiran kansa annabi a garin da kake karatu ya ce wa abokinka sai ya kawo farin rago an yanka kafin Allah ya yafe masa, kai kuma har kana tunanin ko da gaskiya a ciki, sai dariyar ta tsaya mini a wuya.

Ragon Kirsimeti nama ne, Babana. Na murna ne, a ci da shinkafa, a aika wa maƙwabta kamar yadda su ma suke aiko mana da na Babbar Sallah. Shekarun da babu hali zakara muka yanka, kuma ba wanda zunubinsa ya ƙaru saboda haka. Ko su Musulmin, limamin unguwarmu ya sha gaya mini cewa a wurinsu ba nama ko jini ne ke isa ga Allah ba, tsoron Allah da ke zuciyar mai yankan ne. To, ajiye wannan tukuna, in ba ka labarin mahaifina, mutumin da ka ci sunansa.

Ka san asalinmu Maguzawa ne na ƙasar Malumfashi. Na tashi na tarar ana zuba jini a gidanmu. In damina ta kusa, a yanka. In yaro ya kwanta ciwo, a yanka. Kowace iska da irin dabbarta da launin da take so, wata jan zakara, wata baƙar akuya. Jinin nata ne, naman namu. Kakata takan ce, "Iska ba ta ƙoshi, bana ka ba ta, baɗi ta dawo." Ba don neman gafara ake yi ba, don a lallashe ta ne ta ƙyale mu. A cikin wannan Baba ya girma, kuma da shi ya shiga ajin baftisma lokacin da wani mai bishara ya zo ƙauyenmu, wajen shekarar da aka samu 'yancin kai, 1960.

Wata asuba, da sanyin hunturu, ya tashe ni ya ce in kwance jan bunsurunmu in biyo shi. Bai ce mini komai ba a hanya. Igiyar tana cin hannuna, bunsurun yana turjiya, shi kuwa yana gaba da wuƙa a ɗamararsa. Muka tarar da Malam, haka muke kiran mai bisharar, yana jin ɗumi a ƙofar bukkarsa, yana tukar igiyar rama a cinya. Baba ya durƙusa ya ce, "Malam, na zo da wannan a yanka a ƙofar ɗakin sujada. Akwai abin da ke cikina, ya hana ni barci, ba zan shiga ruwan baftisma da shi ba."

A nan na ji abin da ko mahaifiyata ba ta sani ba. Shekarun baya, da kaka, Baba ya cinna wuta a gefen gonarsa, iska ta juya, wutar ta tsallaka ta cinye dammunan dawar yayansa da aka tara ba a kai gida ba tukuna. Ba wanda ya gan shi, sai ya yi shiru. Aka ɗora laifin a kan wani yaron Fulani mai kiwo da aka gani a wajen, aka kama shi aka yi masa dukan kawo wuƙa. A shekarar nan gidan Baffa sun sha yunwa, har jakinsu suka sayar kafin sabon hatsi ya nuna. Baba yana kai musu ɗan kwanon dawa ana sa masa albarka, shi kuwa ya san abin da ya sani.

Malam bai katse shi ba. Da ya gama, sai ya shiga ya ɗauko Littafi Mai Tsarki, tsohuwar fassarar nan ta 1932, bangonsa ya yage an ɗinke shi da fata. Ya ce wa Baba, "Ba ka yi kuskure ba da ka ji cewa laifi irin wannan sai da jini." Ya buɗe Ibraniyawa sura 9 aya 22, inda aka ce in ba a zub da jini ba babu gafara. Ya koma Littafin Firistoci sura 17, inda Allah ya ce ran kowace halitta a cikin jininta yake. Ya bayyana mana yadda Ba'isra'ile mai laifi yakan ɗora hannunsa a kan dabbar kafin a yanka, don ya gani da idonsa cewa zunubi rai yake ci. Ya ba mu labarin Ranar Kafara, sau ɗaya a shekara, da bunsuru biyu: a yanka ɗaya, babban firist ya shiga da jinin wuri mafi tsarki, ɗayan kuma a furta laifofin jama'a a kansa a kora shi jeji. Sai ya tambayi Baba, "In da ya wanke har ƙarshe, me zai sa a sake baɗi?" Ya karanta Ibraniyawa sura 10, inda aka faɗa ƙarara cewa jinin bijimai da na awaki ba zai iya kawar da zunubi ba, cewa Yesu Almasihu ya miƙa kansa sau ɗaya tak, aka gama. Ya ce shi ne wanda Yahaya Mai Baftisma ya nuna ya kira Ɗan Rago na Allah mai ɗauke zunubin duniya.

Har yau ina jin muryarsa sa'ad da ya rufe littafin ya ce, "Iskokinku ku kuke ba su jini. Allah kuwa shi ya kawo ragon da kansa. Bashinka na wurin Allah an biya a kan gicciye, in ka tuba ka gaskata. Amma na yayanka yana nan. Maida wuƙarka kube, ka kai masa bunsurun da ransa."

Babana, yanka bunsurun nan ya fi wa Baba sauƙi sau dubu. Na ga ƙafafunsa suna rawa a hanyar gidan Baffa. Muka same shi a gindin tsamiya yana wasa lauje. Shi har ya rasu bai bar al'adar kakanni ba. Baba ya cire hula, ya zube ƙasa, ya faɗi komai a gaban matansa da 'ya'yansa. Baffa bai daina wasa laujen ba har ya gama. Kada ka zaci rungume shi ya yi. Ya ɗago kai ya ce, "Dawa dai ana nomawa. Yaron Fulanin da muka daka fa, wa zai biya shi?" Ya tashi ya shige gida, bai ko dubi bunsurun ba. Muka ɗaure shi a tsamiyar muka tafi.

Damina guda Baffa bai amsa gaisuwar Baba ba. Kowace kaka Baba yakan ɗauki dammuna a ka ya kai rumbun yayansa, har ya cika abin da wuta ta ci ya ƙara. Sai daga baya zumunci ya dawo, a hankali. Yaron kuwa, Baba ya bi rugage da kasuwanni yana tambaya, an ce sun tashi tun a shekarar, ba wanda ya san inda suka nufa. Bai taɓa samunsa ba. Wannan ne ya fi ci masa rai, kuma a kansa ne Malam ya ce masa, "Akwai ɓarnar da hannunka ba zai iya gyarawa ba ko ka shekara ɗari. Saboda irinta aka zub da jinin nan." Shi ya sa duk ranar Jibin Ubangiji, da ake cin gurasa a sha daga ƙoƙo don tunawa da mutuwar Yesu, in ƙoƙon ya iso kansa, Baba yakan daɗe riƙe da shi kafin ya sha. Mu yara muna ganin kamar jinkiri ne kawai.

Yanzu kuwa abin da nake gani yana ba ni baƙin ciki. Ana kiran jinin Yesu a kan mota, a kan waya, a kan abinci, kamar laya. Mutum ya cuci ɗan'uwansa a kan gado ko kuɗi, ya tafi wurin mai addu'a ya sayi mai da ruwa, ya dawo yana cewa an wanke shi, ƙafarsa ba ta taka gidan wanda ya cuta ba. Ku matasa kuma neman gafararku ta koma saƙon waya, layi ɗaya, ba durƙuso ba haɗa ido. Iyayenmu suka ce zumunta a ƙafa take, kuma Ubangiji da kansa ya ce a Matiyu sura 5, in ka kawo baikonka bagade, wato wurin miƙa hadaya, ka tuna ɗan'uwanka yana da ƙara a kanka, ka ajiye baikon ka je ku shirya tukuna. Haikalin Urushalima da ake yankan nan a cikinsa, Romawa sun rushe shi tun shekara ta 70 bayan haihuwar Almasihu, masu bi kuwa tun kafin nan sun san hadayarsu ta cika. Wanda ya ce a kawo farin rago a yau, komawa yake da mu gindin abin da kakanninka suka baro da hawaye, kuma ka bincika ka ji gidan wa naman yake zuwa.

Ka gaya wa abokinka kada ya sayi ragon nan. Ka tambaye shi a hankali, ku biyu kawai, wa ya ɓata wa. In mutumin yana raye, ka raka shi.

Ɗaya tambayar taka, cewa me ya sa Allah Mai Iko Dukka bai yafe da baki kawai ba sai da Ɗansa ya mutu, ba ta saƙon waya ba ce. Ka karanta Ishaya sura 53 da Zabura 51 kafin ka zo hutu, mu zauna a zaure da daddare. Kakarka tana gaishe ka, ta ce ka zo da wuri don kai za ka riƙe wa kawunka ragon bana, kuma ka taho da abokin naka in iyayensa sun yarda.