Tambayoyinku: Anti, na daina yarda da maganar namiji

TAMBAYA: Salamu alaikum Anti, dan Allah a sakaya sunana. Ni bazawara ce daga Ƙofar Marusa nan Katsina, aurena na fari ya mutu ina da ɗiya ɗaya, kuma wlh auren soyayya ne, mutumin nan har hawaye ya yi a zauren gidanmu kan a ba shi ni, amma ko lallen biki bai gama fita ba ya fara raba dare yana waya da wata. Yanzu wani ya fito, malamin makaranta ne ɗan Daura, kowa a gida na yabonshi amma ni duk abin da ya faɗa sai in ji kamar wancan ne ke magana. Inna ta ce raunin imani ke damuna. Wai haka ne?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Ba zan ja da Inna ba, so take ta ga kin koma ɗakinki, amma gaskiya ban ga raunin imani a nan ba, wanda maciji ya sara ko tsumma ya gani sai ya zabura.

Kin san Ummu Salama ai. Da mijinta ya rasu cewa ta yi wane ne ya fi Abu Salama, duk da haka ta yi addu'ar da aka koya mata, Allahumma ajirni fi musibati wa akhlif li khairan minha, sai ga Annabi (SAW) da kanshi ya aiko neman aurenta, a shekara ta 4 bayan hijira aka ɗaura. To abin da masu wa'azi ke yawan tsallakewa, ba ta yi caraf ta ce na yarda ba, sai da ta ce ina da ɗiya kuma ina da kishi. Ba a ce mata imaninta ya yi rauni ba, amsa aka ba ta da addu'a. Fatima bintu Ƙais ma, bazawara irinki, da manema biyu suka fito shawara ta je nema wurin Annabi (SAW), ya faɗa mata wannan ba shi da dukiya, wancan sanda ba ta sauka daga kafaɗarshi, ta auri Usama. Duk suna cikin Sahihu Muslim.

Saboda haka ki daina auna shi da daɗin baki, wancan ma ai ya iya zance. Daura ba nisa, yayanki ko kawu ya hau mota da safe la'asar ya dawo. Kuma kar a tsaya kan liman da abokanshi, su dama alheri za su faɗa, a tambayi mai shagon unguwa da ke ba shi bashi kafin albashi ya shigo, yana biya ko sai an bi shi? A ji yadda yake da mahaifiyarshi, in ya taɓa aure me ya raba, kuma a ji daga ɓangaren matar ma ba nashi kaɗai ba.

Istihara ki yi da kanki, raka'a biyu da addu'arta, ba sai kin yi mafarki ba kuma ba a ba wani kuɗi ya yi maki. Gwajin jini kuma tun yanzu kafin a kawo kuɗin gaisuwa, in dukkanku AS ne kowane ciki akwai yiwuwar 1 cikin 4 ya zo da sikila.

Amma ke ma da naki aikin. Bawan Allahn nan bai ci amanarki ba, kar ki riƙa karɓarshi a zaure da fuskar shanu saboda laifin wani. In ya zo zance na gaba ki tambaye shi kai tsaye, ɗiyata fa, wurina za ta zauna ko ya kake gani? Ki bar shi ya gama magana kar ki taya shi, sannan ki rubuto mani abin da ya ce.